Daren da kibod ya yi mini yaji a gaban mai tsire

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 na daina yawo da tsaba a aljihu. Komai tiransifa, har ruwan leda in mai shi ya yarda. To ranar Alhamis bayan sallar isha'i na tsaya wurin mai tsiren bakin layinmu, na ce a yanko mini na dubu 3, a cika yaji da albasa.

"Alhaji, a nan za a ci ko a ƙunshe?"

Na ce a nan. Da na sani da na ce a ƙunshe, don abin da ke ƙunshe ana iya mayar wa mai shi.

Na cinye tas, na lashe yatsu, na zaro waya. Manhajar banki ta buɗe lafiya lau. Na taɓa gurbin sa lambar akawun, ɗan siririn layin nan ya fito yana ƙyafta mini ido, amma kibod, wato allon haruffa da lambobin da ake dannawa, bai taso ba. Na sake taɓawa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ga lambar nan guda 10 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin da ya rataye, ina kallonta tana kallona.

Na ɗauka maiƙo ne, sai na goge gilashin da hannun farar shaddata. Maiƙon ya bar waya ya koma shadda. Na hura mata iska, na kashe na kunna, na leƙa WhatsApp, can ma babu kibod. Na tura wa ƙanena saƙon murya ya zo ya cece ni, saƙon ya tsaya da alama ɗaya.

"Malam, ko netwok ne?"

Kun ji fa, Alhaji ya faɗi, an dawo Malam. Na ce ba netwok ba ne, kibod ne ya ƙi fitowa. Ya ce shi dai a bakin tukubar nan ya sha jin netwok, ya sha jin caji ya ƙare, amma wannan sabuwa ce. Sai ya ɗauko wuƙa ya shiga wasa ta. Ban ce da ni yake ba, ƙila lokacin wasa wuƙarsa ne ya yi.

Abin da ya ƙara tsinka mini zuciya, duk na gyara zama a benci sai in ga sautin wayar yana hawa da kansa, ba wanda ya taɓa ta. Wani dattijo da ke gefena ya leƙo, ya gani da idonsa, ya ja kwanonsa ya matsa. Ya ce, "Wannan ba ta mai gyara ba ce, a kai ta a yi mata tofi."

"Bawan Allah, ni fa zan tashi," in ji mai tsire.

Daga Malam an gangaro bawan Allah. A nan ne yaron da ke fifita garwashi, wanda bai wuce shekara 12 ba, ya ajiye mafici ya ce, "Baba, kawo in gani." Ya jawo allon daga sama, ya kashe bulutut. Nan take kibod ya taso da lambobinsa reras, ko kunya babu.

"Baba, me ka haɗa ta da shi?"

Na laluba aljihu, sai ga ɗan rimot ɗin sandar selfi da na saya don bikin ƙanwar maiɗakina, ashe ya kunnu a ciki. Yaron ya ce waya kallon cikakken kibod take yi masa, irin na kwamfuta, kuma in Android ta ga an haɗa mata na waje sai ta ɓoye nata, wai ai ka zo da naka. Abin da maɓallinsa biyu ne kacal! Ɗaya daga ciki kuwa umarnin ƙara sauti yake aikawa, da shi kyamara ke ɗaukar hoto. Aljanin da dattijo ya gani, cinyata ce ke danna shi. Yaron ya shiga saiti, wurin kibod na waje, ya kunna zaɓin da ke barin na allo ya ci gaba da fitowa ko da an haɗa wani.

Na tura kuɗi, alat ya shiga, wuƙa ta koma kan tebur.

"Alhaji, a ƙara na ɗari 5 a kai wa Hajiya?"

Na ce a ƙara, amma in biya tukuna. Na tambayi yaron nawa ne ladansa, ya ce shi rimot ɗin yake so.