A fara da sashen tsara dokoki

Na karanta labarin nan na sake fasalin ma'aikatan majalisar jiha, za a haɗe wasu ofisoshi. Madalla, amma don Allah a fara da sashen tsara dokoki da na bincike. Na taɓa halartar zaman kwamiti, sakatare ɗaya ke riƙe da kwamitoci uku, ga fayiloli jibge a ƙasa, kwamfutarsa a lalace. Ta yaya zai bi diddigin kasafin kuɗi? Tun 2018 aka gyara sashe na 121(3) na kundin tsarin mulki don majalisun jihohi su riƙe kuɗinsu, amma sai da 'yan PASAN, ƙungiyar ma'aikatan majalisun dokoki, suka shiga yajin aiki a 2021 don neman a aiwatar da gyaran. Akawun majalisa kuma ya fito daga cikin ƙwararrun ma'aikata, kada gwamna ya turo yaronsa.