Tseren keken dutse na yara: abin da Damagaram za ta ɗauka daga Faransa da wanda za ta bar musu

A Faransa, inda nake zaune, da zarar sanyi ya fara sassauci a watan Maris, kowace Asabar da Lahadi sai ka ga motoci ɗauke da ƙananan kekuna sun nufi bakin daji ko gindin wani tudu. Tseren VTT na yara ke nan, wato keken da ake hawa kan duwatsu da hanyar ƙasa. Wanda ya zo kallo daga gida, kekunan ne ke fara ɗauke masa ido, in ya ji kuɗinsu sai ya ce wannan wasan 'ya'yan masu hali ne. Ni ban yarda ba. Abin da ke kai yaro ƙarshen tsere lafiya shi ne aikin da aka yi wa kekensa da cikinsa tun daga ranar Alhamis, kuma kusan duk aikin nan mai gyaran keke na Zango ko Sabon Gari zai iya shi. Sai dai in Damagaram ta kwaso tsarin Turawa ɗungurungum ba tacewa, rana da ƙaya za su watsa shi tun a karon farko.

Mu fara da abin da ya kamata a ɗauka yadda yake. Hukumar tseren keke ta Faransa tana raba yara gida-gida bisa shekarar haihuwa: 'yan ƙasa da 9, da 11, da 13, da 15, da 17. Kowane gida da tsawon tserensa. Ƙanana suna yin wajen minti 10 zuwa 15, 'yan tsakiya minti 20 zuwa 30, manyansu kuma sukan fi haka. Ko a gasar manya ta duniya zagaye ɗaya bai wuce kilomita 4 zuwa 6, ana ta maimaita shi har wajen awa ɗaya da rabi. Hikimar gajeren zagaye ita ce yaro bai taɓa nisa da idon babba. A Zinder zagayen kilomita ɗaya ya ishi ƙanana, na kilomita 2 zuwa 3 ya ishi 'yan shekara 15. Kada a jera ɗan shekara 10 da ɗan 16 a layi ɗaya don wai tsayinsu ɗaya. A duba takardar haihuwa ko katin lakwal. Kuma kada a kai su kan kwalta. Hanyar Mirriya kilomita 18 ce, tana da daɗin gudu, amma manyan motoci ne ke da ita. Fili muna da shi: duwatsun nan da Allah ya jibge a ciki da kewayen gari, waɗanda Bature zai biya kuɗi a kawo masa irinsu da mota ya shimfiɗa a filin tserensa. A nemi wuri a bayan gari mai faƙo da 'yar hawa da gangara, a nemi izinin mai gari da masu gonaki. In hanyar za ta ratsa gona bayan girbi, a tumɓuke kututturen karan gero, don tsininsa yana yaga taya, yana yaga ƙafa.

Lokaci kuwa, nan ne za mu rabu da su. Turawa suna tsere daga Maris zuwa Yuni, wani lokaci a tashi 'yan 15 da ƙarfe biyu na rana. A Damagaram watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma jikin yaro bai jure zafi kamar na babba. Lokacinmu shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. A tashi gidan farko da ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe goma ta yi an naɗe komai. A duba kalanda da kyau, don azumi na iya faɗowa cikin sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin mutum daga nesa, a ɗage. Mai asma a irin wannan rana ba ya hawa.

Yanzu keken. Yawancin VTT da ke hannun yaranmu na hannu ne, an sayo a kasuwar Dole ko an kawo daga Kano, kuma babban aibinsu girma. Uba yana sayen babba don yaro ya girma da shi. A kan dutse wannan tausayin ne ke kayar da yaro. Mai tsayin santimita 115 zuwa 130 taya mai inci 20 ce tasa, daga 130 zuwa 145 inci 24, sama da haka inci 26. In ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, a samu tazarar yatsa uku ko huɗu tsakaninsa da ƙarfen sama. Sirdi kuma: ya zauna, ya ɗora diddige kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. A sa alama a jikin sandar sirdin don in ta zame a san inda za a mayar.

In tseren ranar Lahadi ne, a kai keken wurin mai gyara ranar Alhamis, ko Juma'a da safe kafin masallaci. Duk abin da aka canza yana buƙatar a hau shi kwana ɗaya kafin tsere. Sabuwar wayar giya tana saki bayan hawan farko, sai ka ga kaca tana tsalle daidai lokacin da yaro ya miƙe zai hau tudu. A ce wa mai gyara ya fara da birki. In na roba ne mai kama gefen gargare, tazarar robar da gargaren ta zama milimita 1 zuwa 2, kuma kada bakinta ya taɓa taya. In na faifai ne, a ciro takalman a duba, in naman ya kusa milimita ɗaya a canza, kuma ko ɗigon mai kada ya taɓa faifan. Sannan a duba ko yatsun yaron suna kai wa hannun birkin. Akwai ɗan ƙaramin noti a jikinsa da ke jawo shi kusa, mutane da yawa ba su san da shi ba, yaro yana ta miƙa hannu yana sakin kan keke a gangara. A matse birkin gaba a jijjiga keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin kai ya saki. A juya kowace taya a ga ko gargare yana lilo, a taɓa waya ɗaya-ɗaya. Kaca kuma a auna ta da rula: daga tsakiyar fil ɗaya zuwa na 25 santimita 30 da rabi ne a sabuwa, in ta zarce da milimita ɗaya da rabi ta ƙare, tana cin haƙoran giya. Bakin kan keken hagu da dama dole a toshe shi. A nan Faransa alƙalin tsere ba ya barin buɗaɗɗen baki ya shiga layi, don bututun ƙarfen nan in yaro ya faɗa kansa yana huda ciki. Marfin kwalba da salatif ma sun isa.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Mun saba zuba wa kaca man inji har yana ɗiga. A ƙurar Damagaram wannan man yana haɗuwa da yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana goge kaca da haƙora. A wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge wajen da tsumma har ya daina nuna mai. Wanda ya shige ciki shi ke aiki.

Sai taya, wadda ita ce rabin tseren a ƙasarmu. Bature yana fama da laka da jijiyar itace, mu kuma da tsaidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. A nan Faransa yawancin masu tsere sun bar tib, suna zuba wani farin ruwa mai danƙo cikin taya, wajen mililita 60 zuwa 100, wanda ke toshe ƙaramin huji da kansa. Maganin ƙaya ne sosai ga wanda ya samu, amma zafinmu yana busar da shi cikin wata ɗaya ko biyu, kuma sai da gargare da tayar da aka yi dominsa. Ga mai tib, a yanke bawul ɗin tsohon tib a tsaga tib ɗin, a shimfiɗa a cikin taya kafin a sa sabon. Nauyi zai ƙaru kaɗan, amma gajeriyar ƙaya ba ta kai wa. Duk lokacin da aka yi faci, a bi cikin tayar da tsumma a ciro ƙayar, in ba haka ba sabon tib ɗin ma minti biyar zai yi. Game da iska, masu faci sun saba cika taya har ta yi tauri kamar dutse, don haka ake yi wa keken ɗaukar kaya. A kan yashi taya mai tauri nutsewa take, a kan dutse kuma tsalle take tana zamewa. Yaro mai kilo 35 zuwa 45 a kan taya mai faɗin inci biyu, bar 1.6 zuwa 1.9 a ma'aunin iska ya ishe shi, ta baya ta ɗan fi ta gaba. In ba ma'auni, a danna da babban yatsa da ƙarfi, ta ɗan lotsa. In aka rage fiye da kima, gargare zai cije tib a bakin dutse ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Faci ba ya nufin tsere ya ƙare: a gasar Olamfik ta Paris a 2024 tayar Tom Pidcock ta sace yana kan gaba, aka canza masa, ya dawo ya ci zinariya, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku. A ware wuri ɗaya gefen hanya inda mai faci zai zauna da famfo, da tib biyu na kowane girma, da sholisho, da makullan alan lamba 4, 5 da 6.

Ranar Asabar da la'asar ta zaga hanya ce. Yara su bi zagayen sau biyu a hankali tare da babba, a tsaya a kowane wuri mai wuya. A gangara ƙugu ya koma baya, fedoji a daidaice, birki biyu tare a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai ta saman kan keke zai wuce. A yashi a sauko giya mai sauƙi tun kafin a shiga, a sassauta riƙo, kada a daina tuƙawa. Dutsen da yaro ya kasa sau biyu ranar Asabar, ya sauka ya tura ranar Lahadi, doka ta yarda.

Hular kwano ba a yin ciniki a kanta. A Faransa tun 2017 doka ta wajabta ta ga duk yaron da bai kai 12 ba, ko a titi, a tsere kuwa kowa da kowa. Ta zauna yatsa biyu a saman gira, igiyar haɓa ta bar wurin yatsa ɗaya ko biyu kawai. Wadda ta taɓa dukan ƙasa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, don haka a bincika cikin na gwanjo da kyau. In hulunan ba su isa ba, ai gida-gida ake tashi, guda ashirin za su ishi yara sittin. Silifa ba ta shiga layi, sai takalmi rufaffe, a cusa igiyarsa ciki. 'Yan mata su ma su hau, kamar yadda suke hawa a nan: wando mai kama ƙafa, ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hula a cusa bakinsa cikin riga, don dogo yana naɗewa a kaca ko a waya.

Abinci namu ya wadatar, ba sai an nemi na kanti ba. Daren Asabar tuwo ko shinkafa irin wadda ya saba, ba yaji da yawa. Da asuba, awa biyu kafin tashi, koko da burodi. Ƙosai da soye-soye su jira, don mai yana daɗewa a ciki. Saura minti 30, dabino uku ko ayaba ɗaya. Fura da nono bayan an gama. Ruwa kuwa, kowa ya san halin famfon Zinder, kada a dogara da ranar. Tun Asabar a tanadi lita 2 na sha ga kowane yaro, da jarkoki daban na jiƙa kai da wanke ciwo. A haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, a sauke shi a kai inuwa, a jiƙa shi a yi ta fifita, a nufi likita.

Iyaye da 'yan kallo, ku ma da naku aikin. A nan iyaye ne ke tsaron hanya, kowa da usur da riga mai haske, kuma ba a yarda a tura yaro ko a bi shi da gudu ba. Mu muna da 'yan fada, wato matasan da ke zaman hira, a kowace unguwa, su za su fi kowa iya wannan. A tsayar da mutum ɗaya a kowace kwana da kowace mahaɗa, na gaba yana ganin na baya, su tare awaki da amalanke da masu kabu-kabu. Bin yara da babur ana oda, wanda muke ɗauka ƙarfafa gwiwa ne, a hana shi gaba ɗaya: ƙura yake tayarwa, kuma yaro in ya waiwaya ya bar layinsa. A ja igiya a wurin tashi da wurin ƙarewa, mutane su tsaya mita biyu baya, a nisanci wajen kwana, don can mai faɗuwa ke zubewa. A samu ma'aikacin lafiya ko 'yan agaji na Kuruwa Ruj, da mota ɗaya da ba ta da wani aiki sai jiran ko-ta-kwana, direbanta yana kusa da ita.

In yaro ya faɗi, kada a ruga a ɗaga shi cak a ce ya yi ta maza. A tare masu zuwa daga baya, a tambaye shi sunansa da inda yake. In ya riƙe kafaɗa yana tallafe hannu, mai yiwuwa ƙashin wuya ne na gaba ya karye, a rataye hannun da ɗankwali. In yana kukan wuya ko baya, ba a motsa shi sai ma'aikacin lafiya ya zo. In kansa ya bugu, ya yi amai ko ya ce yana ganin jiri, ya gama hawa a ranar ko da shi ke kan gaba, kuma a kai shi asibiti a duba shi kafin a wuce gida.