Ba Ni Ba Ne, Ƙwayar Ce

Wata Talata bayan azahar ina zaune a bakin shagona a kasuwar Dawanau, ina ta juya lissafin asarar da masara ta ja mini, sai ga ɓera ya fito daga bayan buhunan gero. Ba da gudu ya fito ba. Tafiya yake ta ƙasaita, kamar mai unguwa ya fito duba magudanar ruwa. Ya ratsa tsakiyar shago, ya je daidai lungun da Barde ke fitsari, ya tsaya yana shanshanawa. Barde kuwa, muzurun da na ɗauko musamman saboda ɓeraye, nake ciyar da shi da kan kifi, yana kwance taku biyu daga wurin. Ya buɗe ido ɗaya, ya dubi baƙo, ya mayar ya rufe.

Maƙwabcina mai wake ya leƙo ya gani, ya ja da baya yana salati. "Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Wannan turo shi aka yi." Kafin la'asar rabin layinmu sun zo kallo, kowa da wanda yake zargi.

Da daddare na kai maganar gaban ɗan yayata da ke karatun likitan dabbobi, wanda tun yana shekarar farko a jami'a muke ce masa Dakta. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, ba wanda ya turo maka ɓera. Wataƙila dai akwai mai tuƙa shi, amma a cikin kansa yake."

Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, sunanta Toxoplasma gondii. Ni dai Tokso na iya riƙewa. Wasu Faransawa biyu ne suka gano ta a Tunis a 1908, a jikin wata 'yar dabba dangin ɓera da ake kira gundi. Tana iya zama a jikin tunkiya, akuya, kaza, ɓera, har mutum, amma duk zaman haya ne. Aure da tara zuriya ba ta yin su sai a hanjin kyanwa. To in ta tsinci kanta a jikin ɓera, yaya za ta koma gida? Sai ta hau har ƙwaƙwalwarsa ta yi zaune, ta cire masa tsoron warin fitsarin kyanwa. Warin da ya kamata ya sa shi ranta a na kare, shi ne zai koma bi. Masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila sun gwada haka a shekarar 2000, suka ga ɓerayen da ke ɗauke da ita suna komawa lungun da aka zuba fitsarin kyanwa, lafiyayyu kuwa suna kauce masa. Kyanwa ta cinye ɓera, ƙwaya ta isa gida ba ta biya ko sisi ba.

Na ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Ya ce ai ba ɓera kaɗai ba. A dajin Masai Mara na Kenya an lura 'ya'yan kura masu ɗauke da ita sun fi matsawa kusa da zaki, wanda shi ma dangin kyanwa ne, kuma sun fi mutuwa a hannunsa. A dajin Yellowstone na Amurka kuma, wani bincike na 2022 ya nuna kyarkecin da ya kamu da ita ya fi sauran damar zama shugaban garke har ninki 46.

Da a nan ya tsaya da an zauna lafiya. Sai ya ƙara da cewa ana ƙiyasin kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su ma sani ba. Ana ɗaukarta ta naman da bai dahu ba, ko ganyen da ba a wanke da kyau ba, ko ƙasar da kashin kyanwa ya taɓa. Ya ba ni labarin wani farfesa a birnin Prague, Jaroslav Flegr, wanda ya lura yana tsallaka titi ba ya damuwa da hon ɗin motoci, aka gwada jininsa aka tarar yana da ita. Daga baya ya fitar da bincike cewa masu ita sun fi sauran mutane shiga haɗarin mota fiye da ninki biyu. Wasu a Amurka kuma a 2018 suka ce ɗaliban da ke da ita sun fi karkata ga karatun kasuwanci.

"Amma fa Kawu..." in ji Dakta.

Ban ji sauran ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na kwana ina lissafi. Shekara ashirin ina cin tsire, kuma ni ne mai ce wa mai nama ya sauke mini nawa da sauran ruwa-ruwansa, don ba na son wanda ya bushe. Barde a kan dardumata yake barci. Sau biyu cikin shekara ɗaya na faɗi da babur, duka biyun ina ƙoƙarin wuce tirela ta inda akuya ma za ta yi shawara. Na tsaya takarar shugaban layi a kasuwa ba wanda ya ce in fito. Uwa uba, na saye masara buhu ɗari biyu lokacin da take tsada, na kulle ina jiran ta ƙara tsada, ta sauko ta bar ni a sama. Cikin kuɗin kuwa har da adashin uwargida da na karɓa da sunan sati biyu. Wata bakwai ke nan, kuma maganar nan ita ce miyar da ake zuba mini a kan kowane tuwo.

Washegari na jira ta gama sallamar yara makaranta, na yi gyaran murya, na sa fuskar mai jinya.

"Hajiya, akwai maganar da nake so ki ji da kunnen basira. Ashe duk abin nan da ke faruwa, ba ni ba ne."

"To wane ne?"

Na kwashe karatun Dakta na juye mata, har da ƙarin gishiri. Na kawo ɓera, na kawo kura, na kawo farfesan Prague. Da na zo kan kyarkeci sai na haɗa da takarata.

Ta ce, "Su kyarketan ai ka ce cin zaɓen suke yi. Kai ƙuri'a nawa ka samu?"

"Huɗu."

"Har da taka?"

Na ce mu bar wannan, mu dubi girman lamarin. Ta yi shiru na ɗan lokaci, har na fara jin daɗi a raina. Sannan ta ce, "Allah Sarki, Alhaji. Ashe lalura ce. Ka yafe mini faɗan da na riƙa yi maka." Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar makullai.

Da ta fito, makullin babur ɗina yana ɗaure a bakin zaninta.

"Mutumin da wani abu ke tuƙa shi ai ba ya tuƙa wani abu. In ƙwayar nan ta hango tirela fa?"

Kafin azahar katin cirar kuɗina ya bi makulli, don kada ƙwaya ta hango masara. Ta kira yaron shagona ta ce duk cinikin da ya haura buhu biyar a bugo mata waya tukun. Ta aika wa mai tsiren unguwa cewa likita ya hana ni. Naman miya kuwa ta koma dafa shi har sai ya manta daga jikin wace dabba ya fito. Kullum da safe in tsaya bakin titi ina jiran adaidaita sahu, yaran unguwa suna gaishe ni a tausashe, "Sannu Alhaji, ya jiki?" Ashe labari ya zaga cewa tsutsa ta shiga kaina. Mai wake ya daina maganar asiri, ya koma ba ni kujera in na tsaya.

Ranar Juma'a na je gaida Inna, na kai ƙara. Dakta yana can yana cin ɗanwake. Inna ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ɗan janye zaninta ta nuna mana wani tsohon tabo a idon sawunta.

"Ku yaran yanzu kun san tsutsa ne? Wannan kurkunu ne. Ina goyon yayarka ya fito mini, daidai lokacin aikin gona. Wuri ya yi ƙurji, ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Ba abin da ke raina sai in tsoma ƙafar nan a ruwa. Da rarrafe na je kududdufi."

Dakta ya ajiye cokali. Ya ce ai abin da tsutsar ke so ke nan. Shekara guda take yi a jikin mutum tana girma, har ta kusa mita ɗaya, sannan ta huda fata. Da ƙafa ta taɓa ruwa sai ta saki dubban 'ya'yanta, wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wani ya zo ya sha ruwan, a sake sabon zagaye.

Inna ta ce, "Ni ba tsutsa ce ta kai ni kududdufi ba. Ƙafata ce ke cin wuta."

"To Inna, wa ya kunna wutar?"

Ta harare shi, ta ce sati shida ana naɗe abar nan a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, don in ta tsinke a ciki an shiga uku. Dakta ya ce a 1988 an ƙirga mutum sama da 650,000 masu kurkunu a Najeriya kaɗai. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki aka kashe shi, su Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna bin ƙauyuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi a 2013.

Inna ta juyo kaina. "Ni tawa an ga kanta an ga jelarta. Kai taka ina take? Tun kana shekara bakwai ka sayar da akuyata ka sayo zakaran da ka ce yana yin ƙwai. Lokacin wace mage ka sani?"

Dole na je gwajin jini. Kwana uku aka ce in jira, kuma ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. In an ce ina da ita, babur da kati sun tafi ke nan. In an ce ba ni da ita, masara ta dawo wuyana. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa wanne zan roƙa, na ce Allah Ya zaɓa mafi alheri, na shafa.

Dakta ne ya buɗe takardar a gaban uwargida. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cije leɓe.

"Kawu, jininka fes. Ko gaisawa ba ku taɓa yi da ita ba."

Sai a lokacin ya samu damar ƙarasa "amma" ɗin da na katse. A ɓera an tabbatar da abin, amma a mutum magana ce da masana ke ta jayayya a kai. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an gwada mutum sama da 800 da ake bibiyar rayuwarsu tun haihuwa, aka fitar da sakamako a 2016, ba a ga wani bambancin hali na a zo a gani tsakanin masu ita da marasa ita ba. Inda take da haɗari na gaske shi ne mace ta kamu da ita tana da juna biyu, don tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, sai kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Saboda haka mai ciki ba ta kwashe kashin kyanwa, nama kuma a dafa shi ya dahu.

Uwargida ta ce wannan dokar ta nama ta zauna daram. Ta kwance makulli ta miƙo mini, ta haɗa da kati. Na miƙa hannu zan karɓi takardar, ta riga ni.

"Wannan tawa ce."

Da na koma kasuwa a kan babur ɗina, sai na tarar da yaron shago yana shara yana toshe hanci. Ya jawo mushen ɓera daga bayan sikeli. Na tsare shi da ido, sai ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar Lahadin waccan ya zuba shinkafar ɓera a lungunan shago, da ya ga Barde ba shi da niyyar aiki, ya ji tsoron faɗa mini. Ashe mai unguwar da ya fito rangadi magagin mutuwa yake yi. Dakta ya ce da Barde ya cinye shi, da wataƙila shi ma ya bi shi. Lalaci ne ya tsirar da shi, kuma har yau ina sayo masa kan kifi.

Makon jiya na dawo gida da labari mai daɗi. Wani ya tsegunta mini cewa riɗi zai yi tashin gwauron zabi kafin watan gobe, in mutum ya samu ko buhu hamsin ya ajiye, ya warke. Ina cikin bayani uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kawo tuwo, ta kawo miya, ta kawo ruwan wanke hannu. Sannan ta buɗe jakarta ta zaro takardar gwajin nan, an kai ta shagon kwamfuta an lulluɓe ta da roba don kada ta yage, ta jingina ta a jikin kwanon miya, tana fuskantata.