A rubuce yake, amma a ina?

Wallahi amsar da aka ba wani yaro sabon shiga da ya yi tambaya kan systemd jiya ta ɓata mini rai. Systemd shi ne manhajar da ke tayar da sauran manhajoji a Linux, shafukan man kuma su ne takardun bayanin da ke zuwa da tsarin. Ya kawo matsala ta gaskiya, manya suka taru a kansa, ba abin da ya samu sai "je ka karanta shafukan man, a rubuce yake". Wannan rowar ilimi ce. Kuma takardun bayanin systemd ɗin da ake tura shi ya karanta, su ma suna buƙatar gyara, ko an so ko an ƙi.

Ku dubi abin da ya same shi. Ya rubuta fayil ɗin tayar da manhajarsa, ya sa After=network.target don ta tashi bayan hanyar sadarwa, ya sa Restart=always don a sake tayar da ita duk sanda ta faɗi. In ya tayar da hannu, lafiya lau. Aka ɗauke wuta da dare, aka dawo da ita. Kwamfuta ta tashi nan da nan, rauta kuwa, na'urar da ke raba intanet, tana can tana kyafta fitilu. Manhaja ta nemi intanet ba ta samu ba, ta faɗi, systemd ya tayar da ita, ta sake faɗuwa. In ba ka canza ba, tazarar da ke tsakanin faɗuwa da sake tayarwa kashi ɗaya ce cikin goma na daƙiƙa. Ƙa'idar kuma ita ce, abin da aka tayar fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai a rabu da shi. Kafin rautar ta kimtsa an riga an fid da rai da manhajar. Da safe ya zo ya same ta a mace.

To, a ina aka rubuta? RestartSec=, saitin tazarar nan, yana cikin shafin systemd.service. StartLimitBurst=, saitin iyakar sau 5 ɗin nan, yana cikin systemd.unit. Lambobin asali ana canza su ne a inda systemd-system.conf ya yi bayani. Cewa network.target ba ya nufin hanyar sadarwa ta tashi, wannan sai ka leƙa systemd.special, cikakken bayaninsa kuma yana wani shafi na daban a systemd.io. Can ne za ka gane network-online.target kake bukata, kuma sai ka haɗa Wants= da After= tare, domin After= jeri kawai yake tsarawa, ba ya jawo komai. Matsala guda, maganinta a warwatse wuri biyar. Wanda bai san sunan cutarsa ba, da wace kalma zai fara nema?

Na san wani zai ce ai a ƙarƙashin Restart= akwai layin da ya ambaci wannan iyaka. Akwai. Yana can bayan dogon bayani da jadawali, kuma sai ya sake tura ka wani shafin. Bai fito ƙarara ya ce maka in ka bar lambobin yadda suke, abinka zai iya mutuwa murus cikin 'yan daƙiƙoƙi ba. Gargaɗin magani a jikin kwalba ake liƙa shi, ba a ajiye shi cikin littafi a bayan kanta. Inda mutum zai yi tuntuɓe, nan ya kamata a rubuta.

Wani kuma zai ce shafukan man na dubawa ne, ba na koyarwa ba ne. Wannan maganar ta wuce zamaninta. Lennart Poettering da Kay Sievers sun fito da systemd a 2010, a cikin nau'o'in Linux Fedora 15 ta ɗauka a 2011, Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka bi a 2015. Yau duk ɗalibin da ya yi hayar ƙaramar sabar don ya ɗora aikinsa, da systemd zai fara cin karo. Masu karatun sun canza, rubutun kuwa har yanzu kamar da masu haɗa tsarin Linux yake magana.

Masu cewa "ai a buɗe yake, je ka gyara da kanka" kuwa, na ji. Shafukan suna cikin jakar man a GitHub, da tsarin rubutu na DocBook aka rubuta su, kowa na iya tura gyara. Sai dai wanda ya fi sanin inda ake ɓata hanya shi ne sabon shiga, kuma shi ne kuka kora jiya.

Ba wai ba a yi ƙoƙari ba. Shafin systemd.directives yana nuna maka inda kowane saiti yake, kuma a 'yan shekarun nan an fara rubuta bugun da kowanne ya shigo. Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan wahala. Abin da nake roƙo kaɗan ne: cikakken misali na manhaja mai buƙatar intanet, da Wants= da After= da RestartSec= duk a fayil ɗaya, a ajiye shi kusa da Restart=. A faɗa a nan cewa StartLimitIntervalSec=, saitin daƙiƙa 10 ɗin nan, a sashen Unit na fayil ɗin ake sa shi, in ka sa a sashen Service watsi za a yi da shi. Mu da wuta ke ɗauke mana ba sallama, kwamfutocinmu na mutuwa suna tashi fiye da na masu rubuta takardun, don haka mu muka fi faɗawa wannan rami.