Madubin da Ya Fi Ƙarfin Mai Shi

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya sami girata ta dama, sai in ce ƙofa ce ta buge ni. Matata kaɗai ta san gaskiya, sai wani dattijo da nake fatan kada mu sake haɗuwa a filin gwajin harbi.

Kurege da zomaye ne suka jawo mini. Sun mayar da gonata gidan ubansu, kuma ba sa yarda a matso kusa. Kafin ka kai mita 150 sun yi layar zana. Bindigar da nake da lasisinta mai cin harsashin .308 Winchester ce, wadda masana za su ce ta yi wa kurege yawa, don irin wannan aiki .223 Remington ko .22-250 aka fi so. To ita Allah ya ba ni. Na ce abin da ya rage mini shi ne madubin saiti mai jawo nesa kusa, in ya so in riƙa taɓa harbin takarda daga nesa a ranakun hutu.

Kowane madubi da lambobinsa: 3-9x40, 4-16x44, 6-24x50. A kowanne, lambobi biyun farko suna nuna sau nawa yake ƙara girman abu, daga ƙarami zuwa babba, ta ƙarshen kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da na gane haka sai na ga ai magana ta ƙare, wanda lambarsa ta fi girma shi ne sarki. Na tsallake duk waɗannan na ɗauko 8-32x56. Da ya iso, matata ta dubi kwalin ta ce, "Maigida, wata za ka duba ko kurege?"

Sai aka zo ɗaurawa. Zobban da na saya na inci ɗaya ne, wato milimita 25.4, shi kuwa cikin madubin milimita 30 ne. Na danna, na lallaba, ya ƙi zama. Na sayo na 30, gajeru, sai ƙaton kan madubin ya kwanta a kan bututun bindiga kamar ya samu matashi. Na sayo dogaye. Yanzu ya zauna daram, amma ya yi tsayin da idan na ɗora kuncina a gindin bindiga ba na ganin komai sai duhu. Dole sai da haɓa nake dogarawa, wuyana a miƙe kamar zalɓe.

A filin gwaji na samu wuri kusa da wani dattijo mai wata tsohuwar bindiga da ɗan madubi 3-9x40 wanda fentinsa ya goge. Ya dubi nawa, ya dube ni, ya ce, "Sannu da kaya, ɗana." Na ce, "Yauwa Baba," ina jin tausayinsa a zuciya.

Na murɗa har 32. Abin da ba wanda ya gaya mini, ko aka gaya mini ban ji ba, shi ne hasken da ke fitowa ta bayan madubi zuwa ido yana da faɗi, kuma ana samunsa ne in an raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin jawowa. Raba 56 da 32, bai kai milimita biyu ba. Ka motsa kai kaɗan, hoto ya ɗauke. Ga rana ta take, kawalwalniya tana tashi daga ƙasa, madubin kuma ya ninka ta sau 32, takardar tana rawa kamar a ƙarƙashin ruwa. Har bugun zuciyata ina ganinsa a layin saiti. Cikin neman hoton na yi ta matso da ido, ina matsowa, har na manta cewa ana barin tazarar inci uku zuwa huɗu tsakanin ido da madubi, kuma ba don ado ake barinta ba. Na ja kunama.

Bindigar ta zabura baya, bakin madubin ya daki girata. Taurari na gani da rana tsaka. Dattijon ya miƙo mini hankici bai ce uffan ba, sai da jinin ya tsaya ya ce, "Ya sa maka hannu ke nan. Kowa da ranarsa."

Mai hankali da ya tattara ya tafi gida. Ni kuwa na ɗaure goshi na ce sai na saita shi a mita 100. Na leƙa na ga ramin harsashin ya sauka ƙasa da tsakiya da ɗigo biyu, cikin ɗigogin da ke jere a kan layin saitin madubin. Na karanta cewa kowane ɗigo mil ɗaya ne, santimita 10 a mita 100, kuma kowane ƙas na mamurɗin sama kashi ɗaya cikin goma ne na mil. Ɗigo biyu, ƙas 20. Na ƙirga da ƙarfi don dattijon ya san ba da jahili yake zaune ba. Na harba, ya sake faɗawa ƙasa, da kusan santimita biyar.

"Ɗana, karanta abin da aka rubuta a kan mamurɗin nan."

An rubuta 1/4 MOA, wato kowane ƙas rubu'i ne na wani ma'auni daban da ake kira MOA. Ashe madubina mai harshe biyu ne: ɗigon ciki yana magana da mil, mamurɗi yana amsawa da MOA. MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100, saboda haka kowane ƙas nawa bai wuce milimita bakwai da 'yan kai ba. Mil ɗaya kuwa MOA 3.44 ne. Ƙas 27 ko 28 nake bukata, na ba shi 20 ina taƙama. Akwai madubai da yawa da ɗigonsu da mamurɗinsu ma'auni ɗaya ne. Ni ban ko duba ba, idona yana kan 32.

Baba ya ce in rage ƙarfin zuwa 16. Nan take hoto ya yi haske, rawar ta lafa, na ji haushin yadda ya yi gaskiya. Amma sai wata ta ɓullo. Layukan saitin nawa irin waɗanda girmansu ba ya canjawa ne ko ka ƙara ko ka rage, don haka lissafin ɗigon yana daidai ne a ƙarfi ɗaya tak, a nawa 32. A 16 kowane ɗigo ya zama mil biyu. Irin da ake sa layukan a gaban gilashin ƙara girma, su suna girma tare da hoton, ɗigo mil ɗaya ne ko'ina. Wannan ma sai a ranar na ji. Ya kuma nuna mini wani mamurɗi a gefen hagu da na ɗauka na ado ne. Ya ce in kafe bindigar in kaɗa kaina kaɗan ina leƙe. Sai ga layin yana yawo a kan takarda. Ya murɗa zuwa 100, layin ya tsaya cak.

Yamma ta yi, iska ta kwanta, zafi ya ragu. Zuciyata ta raya mini cewa yanzu na ƙware, kuma ban sayi 32 don in zauna a 16 ba. Da dattijon ya juya yana harhaɗa kayansa, na saci jiki na mayar da shi 32. A wannan ƙarfi abin da kake gani a mita 100 bai fi faɗin mita ɗaya da 'yan kai ba, sai da na yi lalube kafin na samo farar takarda. Na riƙe numfashi, na ja da ido baya, na saki uku a jere. Duka a tsakiya, ramukan suna taɓa juna. Na miƙe tsaye na ce, "Baba, zo ka ga aikin babban madubi!"

Aka ba da izinin shiga fili, muka taka tare. Takardata tana nan yadda na bar ta, ba sabon rami ko ɗaya. Dattijon ya tsaya gaban tasa, ya sa yatsa yana ƙirgawa. Biyar ya harba. Ya ƙirga takwas.

Ya cire ta a hankali, ya naɗe, ya sa a aljihu. Na ce ko zai ba ni in kai gida, tunda uku daga ciki nawa ne. Ya ce, "A'a ɗana, takarda tawa ce. Shekara da shekaru ban yi harbi mai kyau kamar na yau ba."