Babu canji

Jiya da safe na aiki yaron shagona ya sayo min zare da allurar keke a bakin layinmu nan Garwa, a arewacin Kamaru. Na ba shi sefa 1,000, kayan na 850 ne. Ya dawo da alewa uku da ashana ɗaya a tafin hannu, wai mai shago ya ce a ba ni haƙuri, babu canji. Ban aike shi sayen alewa ba, ashana kuma ina da ita a gida. Na zauna ina kallon su a kan teburin yanka, raina a ɓace, domin wannan ne karo na uku a mako guda.

Wani zai ce sefa 150 har wani kuɗi ne da za a yi dogon rubutu a kansa. To ya tambayi mai ƙosai. Akwai wata dattijuwa da ke suya kusa da shagona, muna ce mata Inna. Na sha ganin mutum ya miƙo mata takardar 500 yana son na 100, ta kwance bakin zani ta duba, ta ɗago ta ce, "Ɗana, sai dai ka je ka dawo." Ba ya dawowa. Cinikin ya tafi ke nan, ga mai da wake duk bashi ta ɗauko su. Mai moto kuwa, wato ɗan acaɓa, ku yi ciniki a 150, ka sauka ka ba shi 200, ya shafa aljihu ya ce babu, ga rana tana dukan ka, sai ka bar masa. Wanda ke sayen shinkafa da buhu bai san wannan azaba ba. Mai sayen sukari a ƙulli da mai a cokali, shi ake yanka kullum, sau biyar sau shida kafin magariba.

A watan Afrilun 2025 bankin BEAC, wanda ke buga wa ƙasashenmu shida na tsakiyar Afirka kuɗi, ya fito da sababbin ƙwandaloli, har da ta 200 da ba mu taɓa da ita ba. Mun yi murna. Ga hedikwatar bankin ma a Yawunde take, cikin ƙasarmu. Amma ni dai abin da ya iso hannuna daga cikinsu bai cika gwangwanin madara ba, 'yan ɗari-ɗarin da suka rage kuwa akwatunan caca da aka girke a lunguna suna haɗiye su daga hannun yara.

Abin da ya fi ci min rai, kusan komai a ƙasar nan haka ake karɓarsa daga gare mu, kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka iya tsayawa ka yi rigima ba. Litar fetur tana 630, a Fabrairun 2023 aka mai da ita 730, shekara na zagayowa ta zama 840. Mu a arewa da zuwa-zuwa muke rufa wa kanmu asiri, man Najeriya da ake jerawa a kwalabe a bakin titi, sai Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ita ma ta yi tsalle. Tun 2022 in ka tura wa mahaifiyarka kuɗi ta waya gwamnati na cire kashi 0.2 cikin ɗari, in ta je cira a sake cirewa, ban da ladan kamfani. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya zauna a sefa 36,270 daga 2014 har 2023 bai motsa ba. Iyayenmu har yau suna ba da labarin Janairun 1994, da aka wayi gari an raba darajar sefa gida biyu. Su aƙalla sun san ranar da aka kwashe musu dukiya. Mu namu ba shi da rana.

Da a ce abin da ake karɓa yana dawowa, da bakina bai buɗe ba. Madatsar ruwan Lagdo da ke kan Binuwai ita ce ke ba yankunan arewa uku yawancin wutarsu. A 1982 aka gama ta, megawat 72, lokacin Garwa da Marwa ba su kai rabin yadda suke yanzu ba. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40. Keken surfanina da lantarki yake aiki. Na taɓa kwana uku ana jibi Sallah ina zaune a gabansa, masu kaya suna zuwa suna tsayuwa a kaina. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, nan ya tsaya har yau. Hanyar Mora zuwa Kuseri kuwa direbobin manyan motocin da ke kai kaya Injamena su za su ba ku labarinta.

A shekarar da aka gama Lagdo ɗin nan Paul Biya ya hau mulki, ranar 6 ga Nuwamba. Na haura shekara 40, ga furfura a gemuna, ban taɓa sanin wani shugaba ba. Kuma kada a ɗora wa mutum ɗaya duka. 'Ya'yan yankin nan nawa suka riƙe ministoci da kujerun majalisa tsawon shekarun nan? Lokacin zaɓe su zo da atamfa mai hoton ɗan takara, da sabulu, da jaka biyu a ambulan. Wannan ma alewa ce a madadin canji. Ni da hannuna na ɗinka irin atamfar nan ba adadi, kuma duk wadda na ɗinka sai na ji nauyinta a ƙirji.

Sai kuma namu laifin, wanda na fi kowa ganinsa saboda sana'ata. Biki ɗaya, anko uku: na kamu, na wuni, na kai amarya. Ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, ta zo, a sake fitar da wani zanen na shekara, wanda ba a ɗaura shi sau biyar. Wata baiwar Allah ta kawo min ɗinki da kuɗin adashen da ta kwasa, tana faɗa min da bakinta cewa an koro ɗanta daga makaranta kan kuɗin da bai kai rabin na leshin ba. Na ce, "Hajiya, ki bar wannan, ki sa na bara, zan gyara miki shi kyauta." Ta yi shiru, idonta ya cika, ta ce, "Malam, in na shiga da na bara, ƙawaye za su sa ni a bakin duniya." Ban ga laifinta ba. Mu muka gina wannan tsoron, mu maza da ke auna lefe da yawan akwati, da masu ɗaukar hoton kayan ɗaki su watsa a WhatsApp don a gani. Ga auduga a gonakinmu, kamfanin auduga na Sodecoton ma a Garwa yake, amma yawancinta ɗanya take fita ta Duwala, mu kuma mu ci bashi mu sayi yadin da aka saƙa a Sin.

Da yamma na ɗauki alewar da ashanar na koma wurin mai shago da kaina. Maƙwabcina ne, tare muke sahu a masallaci, kuma na san shi ma ba ya samun ƙwandalar. Na ce, "Alhaji, ga kayanka. In ni na ci bashi kana rubutawa a littafi, to yau kai ma ka rubuta ana bin ka 150." Ya kalle ni jim, ya jawo littafin, ya buɗe shafi na ƙarshe ya rubuta sunana. Yau da na wuce na tarar sunaye huɗu ne a ƙasan nawa, har da na Inna.