Fijon Bazazzagi a Garejin Bakano

Garejin Oga Sale ne a Ƙofar Ruwa, Kano, bayan azahar. Wasu samari huɗu sun turo tsohuwar Fijo 504, warin fetur ya riga ta isowa. A sitiyari akwai Malam Tanimu, Bazazzagi, tsohon hedimasta. Liti yaron gareji ne.

OGA SALE: Liti, ruga ka ce wa mai shayi ya kashe wutarsa. Ga gidan mai nan ya zo da ƙafarsa.

MALAM TANIMU: Salamu alaikum. Bakano, ko gaisuwar ma sai an biya?

OGA SALE: Amin, wa alaikumus salam. Ashe bawana ne. Malam, me ya sami amaryar?

MALAM TANIMU: Ka iya bakinka. Haɗin Kaduna ce, tun 1982 take hannuna. Kafireta ce kawai take ɗan obafulo.

LITI: Oga, ba ɗan ba ne. Har ƙasa ya jiƙe.

OGA SALE: Buɗe bonet. (Ya leƙa, ya ja da baya.) Inna lillahi! Ina famfon man da ke jikin inji?

MALAM TANIMU: Na yi masa ritaya. Da rana ta take, in na shiga cunkoso, sai mota ta mutu, sai ta huce take tashi. Na yi nazari, na gano famfon ne ya tsufa. Na sa ɗana ya ɗaura mata na lantarki, na motar zamani.

OGA SALE: Na mota mai injekta?

MALAM TANIMU: Ƙwarai. Mai shagon ya ce duk kasuwar babu mai ƙarfinsa.

OGA SALE: Bai yi ƙarya ba. Malam, iska nawa ake sa wa tayarka?

MALAM TANIMU: Wajen 30.

OGA SALE: To a wannan ma'aunin, famfon injekta 40 da ɗoriya yake turawa. Kafiretarka kuwa 3 zuwa 4 take so. Ka ɗauko motar kashe gobara kana shayar da jariri.

LITI: Shi ya sa take amai.

OGA SALE: Cikin kafireta akwai ɗan kwano, da fulota, da allura, irin na tankin ruwan saman gida. Kwano ya cika, fulota ta taso, allura ta toshe ƙofa. To yanzu ƙato ne a bakin ƙofar, ya bankaɗe allura, mai ya yi ta kwarara cikin inji. Liti, kwance fulogi ɗaya.

LITI: Ga shi, baƙi ƙirin, kuma sharkaf.

MALAM TANIMU: Kada ka ɗauka da jahili kake magana. Na san da zancen ƙarfin, shi ya sa na sayo ragileta, mai daidaita ƙarfin mai. Ga ta can.

OGA SALE: Na gan ta. Baki uku gare ta. Wannan mai ke shiga, wannan ke zuwa kafireta. Na ukun fa, wa ya ɗura masa kusa?

MALAM TANIMU: Ni. Yoyo yake yi. Fetur da tsadar nan, in zuba ido yana tsiyaya?

OGA SALE: Zazzau birnin ilimi! Malam, aikinsa ke nan. Ragileta iri biyu ce. Akwai mai tare mai ta rage masa ƙarfi, ita sai ƙaramin famfo. Akwai irin taka, mai ɗibar abin da kafireta ke so ta sallami ragowar ya koma tanki ta wannan bakin. Ka toshe hanyar komawa, ka tara baƙi a zaure ka kulle ƙofar fita. Ina za su nufa in ba cikin gida ba?

MALAM TANIMU: Ai daga baya ɗana ya faɗi haka. Mun cire kusar mun ja tiyo, ba ta daina ba, na mayar da kusata.

OGA SALE: Wane tiyo?

LITI: Oga, ga shi nan yana reto. Na ruwan wanke gilashi ne.

OGA SALE: (Ya zauna a kan taya.) Siriri kamar taliya! Hanyar komawa ba ta gaza ta zuwa kauri, in ma da hali ta fi ta. In ta matse, ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin mota, mai ya yi cunkoso, ƙarfi ya sake hawa, kamar ba a sa ragileta ba. Kuma wannan roba fetur cinye ta yake yi. A ina kuka sa bakinsa a tanki?

MALAM TANIMU: Mun tarar da wani ɗan bututu zaune ba aikin fari ba na baƙi, muka ba shi aiki.

OGA SALE: Hancin tanki ke nan, da shi yake numfashi. Mai na raguwa, iska na shiga ta cike gurbi. Kwanakin nan in ka buɗe murfin tanki ba ka jin ya yi tsaki?

MALAM TANIMU: Na ɗauka farashin mai yake yi wa.

LITI: Oga, baƙin mai ya wuce layi. Kuma ruwa-ruwa ne.

MALAM TANIMU: Yawwa, wannan kam albarka ce. Wata biyu ban ƙara ko kofi ba, kullum ƙaruwa yake yi.

OGA SALE: Shinshina, Malam.

MALAM TANIMU: (Ya shinshina.) Fetur.

OGA SALE: Wanda ya kwarara ne ya wanke silinda ya gangara ƙasa. Ka ci gaba da hawanta a haka, inji ya buga, albarkar ta cika. Juye shi za mu yi yau, har da filta.

MALAM TANIMU: To ita mutuwar da take yi da rana fa? Ai dai a nan nazarina bai faɗi ba.

OGA SALE: Liti, nuna masa inda tiyon mai ya kwanta.

LITI: Jingine da bututun salansa.

OGA SALE: Zafi ke tafasa fetur a ciki ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya jan tururi. In ta huce ya koma ruwa, ta tashi. Da an janye tiyon an ɗaure shi gefe, shi ke nan. Famfonka lafiyarsa ƙalau, ka kore shi ba laifin tsaye ba na zaune.

MALAM TANIMU: Naƙadan nawa zan kashe?

OGA SALE: Hanya biyu ce. In ka nace wa ƙaton famfon, sai tiyon fetur na gaske tun daga inji har tanki, a sauke tankin a wanke a yi masa baki na daban, a sa geji kusa da kafireta a daidaita. Ko kuma a cire tarkacen nan duka a mayar da irin famfon da.

MALAM TANIMU: Na biyun. Sai dai tsohon famfona na sayar wa 'yan gwangwan, naira 500.

OGA SALE: Allah ya taimake ka, ina da guda, ɗan asali. Liti, ɗauko. Dubu 15, don kai bawana ne.

MALAM TANIMU: (Ya juya shi a hannu.) Tsaya. Wannan jan fentin ni na shafa shi. T.Z., Tanimu Zariya! Famfona ne!

OGA SALE: Ka ga ba sai na rantse maka a kan ingancinsa ba.

LITI: Oga, 700 fa muka saye shi.

OGA SALE: Liti, jeka ka ce wa mai shayi ya kunna wutarsa. Ka zauna a can.